Shekarar da Kawu Ya Daina Zagin Baba

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, Kawu kuma ya riga mu isa. Ya rasu gab da azumin da ya wuce, a ɗakinsa da ke bayan shagon maganinsa a unguwar Alabar, nan Kumasi, inda kowa ke kiransa Dispensa. An yi addu'ar arba'in, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta bencinansu. Na duba na ga idan na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da za a riƙa cewa kawai shi ne, "Akwai wani mai sayar da magani a nan da." Wannan kuwa ba zan yarda da shi ba. Shi ya tsaya kai da fata aka sa ni makaranta ina 'ya mace, to bari karatun ya yi masa rana.

Ranar jana'izarsa na ga hawaye a fuskokin da ban zata ba. Wanzaman Zongo suka shigo a jere, kowa da zabirarsa a hammata, alhali babu wanda Kawu bai taɓa yi wa faɗa a gaban masu aski ba. Maame mai ganye, Ba'ashantiyar da ke kawo mana ganyen miya na kwantomire, ta dire farantinta a ƙofar gida ta ɗora hannu a ka.

"Due, due! Ei, Dispensa ya tafi? Mutumin nan ya dame ni paa. Kullum ya ce, Maame, ganye nawa ka sayar ma gidan Alhaji yau? Yanzu wa zai tambaye ni?" Sai ta fashe da kuka kamar ubanta ne ya mutu.

Mahaifina kuwa, wanda muke kira Baba, yana zaune a zaure cikin masu karɓar gaisuwa, abin da yake faɗa daban ne.

"Ku dube shi," in ji Baba. "Mai magani ya mutu ya bar mara lafiya. Shago cike da kwalabe, ko ɗaya bai san wadda zai sha ba. Dama na faɗa muku bai iya aikin nan ba."

Wani malami baƙo da ya biyo jama'a ya miƙe tsaye, gemunsa na rawa. "A'uzu billahi! Wane ne wannan marar tsoron Allah?" Na kusa da shi ya ja masa riga ya ce, "Zauna, Malam, taubashinsa ne." Malam ya gyara rawani ya koma ya zauna, ya ce, "To, ya ci gaba." Baba ya ci gaba, idonsa jawur.

Kakana na wajen uba da mahaifiyar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya suke. Fatauci ya gangaro da su daga Nijar, a nan Kumasi aka haifi Baba da Kawu, ɗan namiji da ɗan mace, wato taubasai na haƙiƙa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba. Baba ya ce masa "boka mai farar riga", shi kuma ya ce wa Baba "mai kunnen faifai". Mahaifiyata, Mma, har yau tana ba da labarin ranar da Baba zai je gaida iyayenta kafin aure. Ya roƙi Kawu, wanda a lokacin yake koyon aiki a babban asibiti, ya samo masa man da ke sa gashin baki ya yi kauri. Kawu ya kawo masa 'yar kwalba a naɗe, ya ce a shafa sosai a cikin duhu. Ashe shuɗin maganin gyambo ne. Haka Baba ya durƙusa gaban surukai da baki kamar wanda ya sha ruwan marina.

A shago kuwa Kawu wani mutum ne daban. Ba ya miƙa magani sai ya yi maka tambayoyi har ka yi da-na-sanin zuwa: me kake sha banda wannan, wa ya ba ka, me ka ci, wane jiƙo kakarka ta aiko maka. Duk wanda ya kira shi Dokta sai ya ɓata rai. "Ni ba likita ba ne," yakan ce. "Likita ya rubuta, ni kuma aikina in tabbatar ba ka kashe kanka da abin da ya rubuta ba."

A farkon shekarar sittin da tara aikin nan ya faɗo a kan Baba. Baba bafataken goro ne, ya saba kwana da kwanaki a bayan lori a takure tsakanin huhuna. Ya dawo daga wata tafiya ƙafarsa ta hagu ta kumbura kamar turmi, numfashi yana yi masa wuya. A asibiti suka ce jini ne ya daskare a jijiya, kuma ba karon farko ba ne, in gudan ya ƙara ballewa ya hau huhu sai dai a yi haƙuri. Likita ya ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya mai tsinka jini, ya ce zai daɗe yana sha. Kawu ya karɓi takardar ya ce wannan nasa ne.

Ina nan ranar da ya zo yin bayani, don gidan mijina bai da nisa, kullum ina leƙo su Mma. Ya zaunar da Baba a tsakar gida, ya ɗauki kwanon koko.

"Jininka ya yi kauri kamar kokon da ya kwana. Ƙwayar nan tsinka shi take yi. In ka sha kaɗan, ya koma ya toshe. In ka zarce, ya tsinke, ko ƙaya ce ta soke ka sai ya yi ta zuba. Ɗaya tak, bayan sallar magariba. In ka manta yau, kada ka haɗa biyu gobe."

"Ramuwa fa?" in ji Baba. "Sallah ma ana rama ta."

"Wannan ba a rama shi."

"To mene ne sunan maganin?"

Kawu ya faɗi sunan, Baba ya gwada sau biyu harshensa ya ƙi. Sai gaskiya ta ja Kawu ya ƙara da cewa, "Danginsa ɗaya da maganin ɓera."

Baba ya tafa hannu ya kira Mma. "Zo ki ji! Yau ya faɗa da bakinsa!" Kawu ma dariya ta kama shi, ya ce ai dama ɓeran aka kawo masa, dubi kunnuwa. Kafin Juma'a duk masallaci an san taubashin Alhaji yana ba shi maganin ɓera, kowa yana tambayar Baba ko ya fara jin sha'awar rumbu.

Mu ma mun yi dariya, amma a nan matsalar take. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da zai raya Baba shi ne mutum ɗaya a duniya da Baba ba ya gaskata maganarsa. Duk abin da ya fito daga bakin Kawu, a kunnen Baba wani shuɗin magani ne ake shirya masa.

Kawu bai gaji ba. Tunda mai jikin ba ya ji, sai ya kewaye shi. Ya fara da tukunyar Mma. Zai shigo da rana ba sallama mai tsawo, ya buɗe murfi ya leƙa.

"Miyata ce ko taka?" in ji Mma.

"Taki ce, matata. Ganye yana karya wa ƙwayar nan ƙarfi. Ban ce a daina ba. Yadda aka saba sawa haka za a ci gaba, kada yau a zuba daji guda gobe babu ko tsinke."

Daga nan ne Maame mai ganye ta shiga uku. Sai aljihun Baba: Kawu zai rungume shi kamar mai murnar ganinsa, ya zaro ƙwayoyin efisi da Baba ke saye na ciwon kai, ya ce waɗannan in suka haɗu da waccan jini ba ya tsayawa. Ya ƙwace masa aswaki mai tauri ya ba shi mai laushi. Ni kuma ya ɗora mini aikin da ba na so: in riƙa duba dasashin Baba da jikinsa, ko akwai jini ko tabon da ba a san dalilinsa ba. In lokacin awon jini ya yi, ya rufe shago ya tasa Baba a gaba har asibiti, suna tafe suna zage-zage, direbobin torotoro, motocin haya, suna rage gudu don su ji ƙarshen magana.

Babban aikin shi ne wanzamai. Baba mutum ne mai imani da ƙaho. Da ya ji nauyi a ƙeya sai ya ce mataccen jini ya taru, a kira wanzami a tsaga a zuƙe. Kawu ya bi wanzaman Zongo ɗaya bayan ɗaya, har rumfunansu. "Alhaji ba ƙaho, ba tsaga. Aski ma a bi a hankali." Suka ce yoo, sun ji. Yana juya baya suna ƙunshe dariya, kowa na ganin wani sabon salon wasa ne tsakanin mutanen nan biyu. Amma don girmansa suka kiyaye, Baba ya yi ta yawo da ƙeyarsa babu mai taɓa ta.

Haka aka lallaɓa har ƙarshen shekara, lokacin da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. Wanda bai ga Zongo a kwanakin nan ba, ba zai gane ba. Mutanen da aka haifi 'ya'yansu a nan suna sayar da gado da tukwane a bakin titi, lori na cika ana kuka. Mu Allah ya rufa mana asiri, maganar takardunmu ta daidaita, amma rabin layinmu ya watse. Kawu ya koma kwana a tsaye, yana ƙulla wa masu tafiya maganin hanya, yana gaya wa kowa yadda zai sha. A cikin wannan hargitsi ranar awon jinin Baba ta zo ta wuce. Baba kuwa kansa na ciwo saboda ban-kwana, yana sayen efisi a ɓoye, ranar da ya manta ƙwayarsa kuma sai ya rama.

Cikin masu tafiya har da tsohon wanzaminmu, wanda ya yi wa Baba aski tun yana saurayi, shi ya yi wa ƙannena kaciya. Bayan ƙaramar sallah ya zo sallama. Baba ya riƙe masa hannu ya ce ba zai bar shi ya tafi ba sai ya yi masa ƙahon ƙarshe.

"Alhaji, Dispensa fa ya hana."

"Haba! Kai ma ka zama yaro? Ba ka san taubashina ba ne? Wanda ya tura ni gidan surukai da shuɗin baki? So yake ƙeyata ta fashe ya yi dariya."

Wanzami ya ga maganar ta hau. Duk Zongo wa bai san wasansu ba? Washegari da safe Baba ya ce mana zai je Anloga duba katako. A can, bayan rumfar wani kafinta, inda idon Kawu ba ya kaiwa, aka kafa masa ƙaho a ƙeya da gadon baya.

Ina tsakar gida ina taya Mma tsinkar ayoyo ya shigo. Ya yi sallama da fara'a, yana cewa yau ya ji jikinsa sakayau. Da ya wuce mu sai na ga bayan rigarsa. Farar riga ce ya fita da ita, yanzu daga wuya har ƙugu ta rine, tana ɗiga a dunduniyarsa. Mma ta ƙwalla ƙara. Muka cire rigar, 'yan tsagogi ne ƙanana waɗanda a da kafin ya iso gida sun bushe, amma kowanne yana tsiyaya. Mma ta sa toka, ta sa tsumma, jini ya ratso. Baba ya ce jiri yake ji, ya zauna a ƙasa. Ban san lokacin da na kai Alabar ba, goyo a baya, ba takalmi.

Kawu bai tambaye ni komai ba sai, "Ina ne?" Na ce baya. Ya ce, "Ƙaho." Ya kwashi bandeji da auduga, ya tsayar da tasi a tsakiyar titi. A gida ya share tokar Mma, ya danne wuraren da tafin hannunsa, bai ɗaga ba har muka isa asibiti. A can ya gaya musu abin da Baba ke sha, da abin da yake zargin ya haɗa da shi, aka yi masa allurar da ke mayar wa jini ƙarfinsa, aka ƙara masa jini. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Wanzami ya biyo mu yana kuka yana cewa, "Kafara, Dispensa, wallahi na ɗauka wasa ne." Kawu ya dafa shi ya ce ya je kada lori ta bar shi, laifin ba nasa ba ne.

Da Baba ya dawo hayyacinsa ya ga Kawu a gefen gado, rigarsa duk jini, sai ya yi murmushi a galabaice. "Boka mai jar riga," ya ce. "Ɓeranka bai mutu ba."

Muka jira amsa. Kawu ya miƙe, ya ɗan rusuna.

"Sannu, Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi. Daga yau ba ƙaho, ba aska, ba efisi. Allah ya huta gajiya."

Ya fita. Baba ya bi ƙofar da kallo, ya juyo wurina. "Wa yake cewa Alhaji?"

Tun daga ranar Kawu ya daina zagin Baba. Kullum yana zuwa, ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya duba ƙwaya, ya duba dasashi, ya ce, "Alhaji, a huta lafiya." Ban taɓa ganin ladabi ya azabtar da mutum haka ba. Baba ya tsokane shi ta kowace hanya. Ya zagi hancinsa, ya zagi tafiyarsa, ya aika masa da mataccen ɓera a cikin kwalin takalmi. Kawu ya aiko a ce an gode, Allah ya bar zumunci. Baba ya kira Mma gefe ya ce ta gaya masa gaskiya, likita ya ce mutuwa zai yi ne?

Tsoro ya yi abin da bayani bai yi ba. Ana sallame magariba Baba zai miƙa hannu a ba shi ƙwayarsa. Ranar awon jini shi ke riga kowa shiri. Har Maame mai ganye ya fara yi wa tambayoyi, ta ce yanzu sun zama biyu, ita kam ba ta da sa'a kwaraa. Ƙarfe kuwa ya ce ba mai ƙara kusantar kansa da shi. Sumar da tun haihuwa ake ƙwalƙwale ta ta fito, fara fat, ta ƙi kwanciya. Gemu ya haɗe da saje, hula ta daina shiga. Jikoki suka riƙa gudu in ya shigo. Haka ya yi ta yawo damina guda, Kawu yana zuwa kullum yana dubansa, fuska ba yabo ba fallasa.

Abin ya ishe ni, na same shi a shago. Na ce, "Kawu, ya isa haka. Baba ya ji. Ramewa yake yi."

Ya daɗe yana goge kwalbar da ba ta da datti. Sannan ya ce, "Ɗiyata, kina tsammani ni daɗi nake ji? Kullum na gan shi zagi yana zuwa mini har maƙogwaro in haɗiye. Ni na koya masa cewa maganata wasa ce, tun muna yara. Jinin nan da kika gani, da hannuna a ciki. In na yi dariya yau, gobe zai koma Anloga." Na tausaya masa ƙwarai, na kuma ji haushinsa, don na san gaskiya ya faɗa.

Ba mu san shi ma yana ɗauke da nasa ciwon ba. Mai yi wa kowa tambaya bai bari an tambaye shi ba. Da damina ta ja baya ya kwanta, aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida, wanda kowa ya san ma'anarsa. Ranar ƙarshe da na gan shi, bayan la'asar ce, na raka Baba. Ya rame har ba a gane shi sai ido. Baba ya durƙusa a bakin gado da wannan uban gashi nasa.

Kawu ya buɗe ido ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Wa ya bar bunsurun nan ya shigo mini ɗaki?"

Baba ya zabura. "Kun ji? Ɗiyata, kin ji? Ki shaida, ya zage ni!" Yana dariya hawaye na bin gemu. "Kai ka mayar da ni haka, boka! Kai ka ce ba aski!"

"Aska na ce, mai kunnen faifai. Wa ya hana ka almakashi?"

Baba ya yi sororo. "Almakashi ya halatta?"

"Tun ranar farko."

"Kana kallona duk watannin nan, yara suna guduna, ba ka faɗa ba?"

"Ai shi ya riƙe ni," in ji Kawu. "In na fito daga gidanku sai na shiga lungu na yi dariyata ta ishe ni, sannan in wuce shago."

Suka yi ta ƙyaƙyatawa, tsofaffi biyu, har tari ya sarƙe Kawu na ba shi ruwa. Baba ya riƙe masa hannu ya ƙi saki. Can Kawu ya dubi hasken da ke taga.

"Magariba ta kusa. Tashi ka tafi gida ka sha maganin ɓeranka."

Na dubi Baba. Wasa ya dawo, kuma na san halin Baba. Na ga yadda ya damƙe hannun nan, na ga ba ya son tashi, kowa a ɗakin ya san wataƙila babu gobe. Ya buɗe baki kamar zai mayar da magana. Sai ya rufe, ya ajiye hannun Kawu a hankali a kan bargo, ya laluɓo takalminsa.

"Yoo," ya ce. "Na ji."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sassauta masa tambaya fiye da yadda ya sassauta mana. Ba mu ƙara samunsa da rai ba.